Laccar Akawun Jam'iyya Kan Izinin Jan Wuta a Wurin Gini

Maganar da ta tara mu yau ƙarama ce a baki, amma akwai rai a cikinta, watau takardar izinin jan wutar lantarki ta wucin gadi zuwa wurin da ake gini.

Kun fi mu sani, ginin zamani ba ya tashi sai da wuta. Injin kwaɓa siminti, da na walda, da na yankan rodi, da famfon jan ruwa, duk ita suke ci. To, ƙa'ida ita ce mai gini ya rubuta wa kamfanin rarraba wuta, ya faɗi irin injunan da zai kunna da tsawon lokacin aikin. Sa'an nan mai aikin waya mai lasisi ya ja, a duba, a sa mita. In gini ya ƙare a yanke, a nemi ta dindindin.

Mu ba mu ƙi wannan ƙa'ida ba, ko kusa. Wutar gida bolt 230 ce, ta kuwa isa ta kashe ƙato. Lebura cikin ruwa da laka yake yini, hannu a jiƙe, ga rodi a kafaɗa. Abu biyu ke tsare ransa. Na farko sandar ƙarfe da ake kafawa a ƙasa, don wutar da ta ɓalle ta bi ta can. Na biyu na'urar da ke katse wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum. A Ingila ma, injunan hannu na wurin gini bolt 110 ake ba su, don in an yi kuskure a tsira da rai. Takardar izini ita ke sa a zo a duba ko an yi aikin daidai.

To, ina matsalar take? A ƙofar ofis take. A 1951 hukumar ECN ta karɓi aikin lantarki a ƙasar nan. A 1972 aka yi NEPA, a 2005 aka yi PHCN, a 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa. A 2015 kuma aka yi dokar hukumar NEMSA, mai duba aikin waya. Suna ya sake sau da yawa, amma kukan da kuke kawo mana bai sake ba: ba a faɗa wa mutum kuɗin takarda sosai, kullum "je ka dawo gobe", har sai ya gane goro ake jira.

Babban ɗan kwangila ba ruwansa, yana da janareta, yana da wanda ya sani. Talaka mai ginin ɗaki biyu kuwa sai ya gaji, ya kira yaro da dare ya maƙala waya a turken wuta, ba mita, ba na'ura. Wannan sata ce, ba mu yarda da ita ba, dokar lantarki ta 2023 kuwa ta tanadi tara da ɗauri. Amma ranar da wayar ta faɗa cikin ruwa, ba mai gini ke mutuwa ba, ba kuma ma'aikacin ofis ba. Lebura ne, mai mata da 'ya'ya.

Saboda haka jam'iyyarmu tana neman abu uku. A rubuta kuɗin takardar da boko da ajami, a liƙa a ƙofar kowane ofis. A yanka kwanakin da ba za a wuce ba kafin a amsa wa mai nema. A ba da rasit kan kowane kwabo. Dokar 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka Gwamnatin Jiha ba ta da bakin cewa maganar ta fi ƙarfinta.

Ku kuma, 'yan'uwa, kada ku kunna inji sai kun ga mita da na'urar katse wuta da idonku. In babu, ku ajiye kwano ku zo ofishinmu, mu rubuta muku takardar ƙara kyauta. Kuɗin yini ɗaya bai kai rai ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu, amin.