Kwamfuta Mai Windows da Linux Ta Ƙi Tashi: A Bincika Kafin A Goge

 

An ɗora mini nauyin yin bayani a kan matsalar da ke addabar masu haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Mutum ya kunna, sai baƙin allo da rubutun grub rescue, ko kuma kwamfutar ta zarce Windows kamar ba a taɓa sa mata Linux ba. Maganata ɗaya ce: galibi fayilolinka suna nan lafiya lau, abin da ya samu matsala ƙaramar manhaja ce da ke tayar da manyan. Wanda makullin ɗakinsa ya ɓata ba ya rushe ɗakin, amma abin da muke yi ke nan duk lokacin da muka ce "a yi mata fomat kawai".

Bari mu fara da yadda kwamfuta ke tashi. A tsohon tsari, wato BIOS, na'urar tana karanta bayit 512 na farkon faifai, wanda ake kira MBR. Bayit 446 ne kacal a ciki aka ware wa umarnin tayarwa, kuma gurbi ɗaya ne. Wanda aka sa daga baya shi ke mamaye shi. Shi ya sa idan ka sa Windows bayan Linux, sai GRUB, manhajar da ke nuna maka jerin zaɓi, ya ɓace. A sabon tsari na UEFI kuwa, akwai ɗan ɓangare na musamman a faifai mai tsarin FAT32, inda Microsoft ke da jakarsa, Ubuntu, wani nau'in Linux, ma ke da tasa. A nan ba kasafai wani ke goge wani ba. Abin da ke sauyawa shi ne jerin wanda za a fara kira, kuma wannan jerin a cikin uwar allon kwamfutar yake, ba a faifai ba.

Don haka tambayar farko ga mai gyara ita ce: da wane tsari aka sa kowanne? Ka tayar da kwamfutar da filashin Linux ba tare da ka sa komai ba, ka duba ko akwai jakar /sys/firmware/efi. Idan akwai, a UEFI ka tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan an sa Windows a UEFI, Linux kuma a tsohon tsari, GRUB ba zai iya tayar da Windows ba ko sau nawa ka maimaita gyara. Dole su biyun su hau tsari ɗaya.

Idan jeri ne kawai ya sauya, ka shiga saitin kwamfutar yayin kunnawa ka mayar da Ubuntu sama, ko ka yi amfani da umarnin efibootmgr. Idan GRUB ɗin ne aka mamaye, daga filashin nan ka buɗe ɓangaren da Linux yake, ka shiga cikinsa da chroot, ka ba da umarnin grub-install, sannan update-grub. Wanda bai saba da rubuta umarni ba, manhajar Boot-Repair tana yin wannan aikin, kuma tana fitar da rahoton da gwani zai karanta ya gane inda gizo ke saƙa.

Wani lokaci Linux na tashi, amma Windows ya ɓace daga jeri. Tun daga GRUB 2.06, wanda ya fito a 2021, an kashe binciken sauran manhajoji sai in kai ka kunna. Ka buɗe /etc/default/grub, ka rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, ka sake update-grub. Shi kuwa wanda ya gaji da Linux ya goge ɓangarensa daga cikin Windows, ya tafi da rabin GRUB ne, domin sauran fayilolinsa a can suke. A tsohon tsari, filashin Windows da umarnin bootrec /fixmbr sun wadatar. A UEFI, a ɗaga Windows Boot Manager sama, in ya lalace a sake gina shi da bcdboot.

Ba kullum laifin mai kwamfuta ba ne. A watan Agustan 2024, wata sabuntawar tsaro ta Microsoft da aka yi don toshe wata ɓaraka a tsofaffin GRUB ta hana Linux tashi a kwamfutoci da dama masu manhaja biyu, alhali kamfanin ya ce ba za ta shafe su ba. Mafitar wucin gadi a lokacin ita ce kashe saitin Secure Boot, a sabunta Linux, sannan a mayar. Sai dai a kula: taɓa wannan saitin na iya sa BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifai, ya nemi lambarsa mai alƙaluma 48. Wanda bai adana ta ba, nan ne zai iya yin asarar gaske.

Kafin matsala ta zo, a fara sa Windows sannan Linux. A kashe Fast Startup, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, domin yana barin faifan Windows a kulle. Kada a taɓa ɓangarorin faifai ko a yi sabuntawa da raunanniyar batir, ga yadda wuta take a ƙasarmu.

Kirana ga masu gyara: kafin ku goge kwamfutar kowa, ku sa filashi ku duba, ku kwashe masa fayilolinsa. Ku kuma ɗalibai, kowa ya ajiye filashin Linux da kwafin aikinsa a wani wuri daban.