Ma'ajiyar Wucin Gadi da Amanar Masu Hulɗa da Intanet



Wannan lacca za ta duba wata illa da ke tattare da ma'ajiyar wucin gadi. Abin nufi shi ne, idan mutane da yawa suna neman shafi guda, ba lalle ne babbar kwamfutar kamfani ta sake shirya wa kowa shi ba. Sai a ajiye kwafinsa a wata na'ura ta tsakiya, a riƙa miƙa wa duk mai nema. Dabarar tana kawo sauri da rage nauyi. Amma fa shafuka iri biyu ne, watau na kowa da kowa, da wanda aka shirya wa mutum ɗaya bayan ya shiga da kalmar sirrinsa. In ma'ajiya ta kasa bambanta su, asirin wani ya faɗa hannun wani.

Haka ta faru ga Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve na Amurka, ran 25 ga Disamba, 2015. Mahara suka cika ta da buƙatun banza don su durƙusar da ita. Domin kariya aka sake ƙa'idojin ajiya, sai garin neman gira aka rasa ido: ma'ajiyar ta kama adana shafukan waɗanda suka riga suka shiga. Cikin kimanin awa ɗaya da rabi, shafukan mutum wajen 34,000 suka iya bayyana ga baƙi, har da adireshi da tarihin sayayya.

Wancan kuskure ne, amma ana iya yin haka da gangan. A 2017 wani mai bincike, Omer Gil, ya nuna yadda ake liƙa wa adireshin shafin mutum ƙarshen suna irin na hoto. Da mutumin ya buɗe, ma'ajiya ta zaci hoto ne ta adana, maharin ya zo ya ɗauka. In shafin yana ɗauke da shaidar shigarsa, maharin ya sami damar yin sojan gona da sunansa. PayPal na cikin waɗanda aka samu da wannan rauni.

Saboda haka wajibi ne babbar kwamfuta ta sa wa kowane shafi na sirri alamar hana ajiya, ita kuwa ma'ajiya ta bi wannan umarni, kada ta yi hukunci da sunan shafi kawai. Wanda aka ba amanar bayanan jama'a, tun kafin ranar ruɗani ya kamata ya jarraba ƙa'idojinsa.