IDO BA MUDU BA: ABIN DA KWAS ƊIN ZANE DA KWAMFUTA YAKE KOYARWA

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



 Kwamitin shirye-shirye ya umarce ni da in yi magana a kan wani abu da na koya a jami'a wanda yake amfanata a wurin aiki. To, ni dai aikin jarida na karanta, yanzu kuma jami'in watsa labarai ne ni a ma'aikatar gwamnati. A cikin kwasa-kwasan da muka yi, wanda na fi ɗaukar alƙalami dominsa kullum shi ne wani ƙaramin kwas na zango ɗaya, watau gabatarwa ga zane da tsara shafi ta hanyar kwamfuta. Shi nake so in ba ku labarinsa, domin da yawa daga cikinku 'ya'yanku da ƙannenku sun fara cewa wannan sana'a suke so, kuna kuwa tambaya ko karatu ne ko wasa.

Da farko ya kamata mu san inda irin wannan kwas ya samo asali. A shekarar 1919 wani magini mai suna Walter Gropius ya buɗe wata makaranta a garin Weimar na ƙasar Jamus, ana kiranta Bauhaus. A can aka kafa dokar cewa kowane sabon ɗalibi, ko gini zai koya ko saƙa ko ɗab'i, tilas ne ya fara da kwas na share fage, inda zai koyi layi da siffa da launi da yadda ido yake ganinsu. An rufe makarantar a 1933, amma tsarin nata ya bazu cikin duniya, kuma shi ne har yau ake bi a makarantun zane. Abin da ya ƙaru shi ne kwamfuta. Manhajar PageMaker ta fito a 1985, Illustrator a 1987, CorelDRAW a 1989 daga ƙasar Kanada, Photoshop kuwa a 1990. Kafin wannan lokaci, mai tsara jarida almakashi da gam da rula ne kayan aikinsa.

Mu da muka shiga aji da zumuɗin taɓa kwamfuta, sai malaminmu ya ce a ajiye ta tukuna. Makonnin farko da fensir da farar takarda muka yi su. Yakan ba mu sanarwa guda ɗaya, alal misali ta allurar riga-kafi, ya ce kowa ya zana ƙananan hanyoyi goma da za a iya shimfiɗa ta a kan shafi. In ka kawo, tambayarsa ɗaya ce: mene ne ido zai fara gani, mene ne na biyu, mene ne na uku? Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan kwas ɗin duka. Mai wucewa a kan babur ba zai tsaya ya karanta fosta daga sama har ƙasa ba. Kallo ɗaya zai yi mata, saboda haka wajibi ne abin da ya fi muhimmanci, watau mece ce sanarwar, yaushe ne, kuma a ina, ya shiga idonsa a wannan kallo.

Daga nan aka koya mana ƙa'idoji huɗu. Ta farko bambanci: babban abu ya fito babba sosai, ƙarami ya zama ƙarami, rubutu mai duhu ya hau kan fili mai haske. Ta biyu jeri: kowane abu a shafi ya tsaya a kan layi ɗaya da ɗan'uwansa, kamar sahun salla. Ta uku kusanci: abubuwan da suke da dangantaka su zauna tare, kada a sa rana a sama, lokaci a tsakiya, wuri a can ƙasa. Ta huɗu maimaici: in ka zaɓi irin haruffa da launi ga kanun labari a shafi na farko, ka riƙe su har shafi na ƙarshe. Bayan waɗannan akwai darajar fili. Mu mutanenmu in mun biya kuɗin fosta, gani muke duk inda aka bar fari an cuce mu, sai mu ce a ƙara hoton mai gida, a ƙara fure, a ƙara tauraro. Alhali filin nan shi ne yake ba ido damar hutawa ya gane abin da aka rubuta.

Misalin da ba na mantawa shi ne tutar ƙasarmu. Taiwo Akinkunmi, yana ɗalibi a Landan, shi ya ci gasar zana ta a 1959. Zanen da ya aika yana da jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasa suka cire ranar, aka bar kore, fari, kore. Ga shi yau yaron firamare ma yana iya zana ta da ka, ana kuma gane ta daga nesa. Sau da yawa gyaran zane cirewa ne.

Kada kuma mu ɗauka waɗannan ƙa'idoji baƙin abu ne a gare mu. Dubi aska takwas a gaban babbar riga, ka ga yadda mai ɗinki ya tara aiki a ƙirji da aljihu ya bar sauran riga fili. Dubi zayyanar allon mai saukar Alƙur'ani, ko dagi a jikin soro a Zariya da Kano. Jeri da maimaici da daidaito duk suna nan. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Abin da jami'a ta yi shi ne ta ba kimar nan suna da awo, yadda za ka iya bayyana dalilin da ya sa abu ya yi kyau ko ya yi muni.

Sai a tsakiyar zango muka shiga ɗakin kwamfuta, mutum uku ko huɗu a kan na'ura ɗaya, muna fatan kada a ɗauke wuta. Darasin farko a can shi ne hoto a kwamfuta iri biyu ne. Akwai wanda aka gina da ƙananan ɗigo-ɗigo masu launi, irin hoton kyamara, shi ne aikin Photoshop. In ka ja shi ya yi girma fiye da kima, sai ya fashe ya yi dishi-dishi. Akwai kuma wanda kwamfuta take ajiyewa a matsayin lissafin layuka da lanƙwasa, shi ne aikin CorelDRAW da Illustrator. Wannan ko ka mai da shi girman bango ba zai lalace ba. Shi ya sa tambarin makaranta ko na ma'aikata da irin na biyu ake zana shi, domin ya yi aiki a kan hatimi, ya yi a kan allon bakin hanya. Littafi da mujalla kuma suna da tasu manhaja, irin su InDesign wadda ta fito a 1999.

Darasi na biyu launi ne. Fuskar kwamfuta da ta waya da haske suke haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ratsin shunayya, rawaya, da baƙi. Akwai launukan da haske yake iya fitarwa waɗanda tawada ba ta iyawa. Wannan shi ne dalilin rigimar da ake yi a maɗaba'a kullum, mai aiki yana cewa ba koren da ya gani a waya ba ke nan. Haka kuma aka koya mana cewa hoton da za a buga yana bukatar kimanin ɗigo 300 a kowane inci, kuma in launi zai kai bakin takarda, sai a bar rarar milimita 3 a kowane gefe domin wuƙar yanka. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke raba aikin da za a karɓa da wanda za a sake bugawa da kuɗin jama'a.

Darasi na uku shi ne haruffa, a nan kuwa mu Hausawa muna da tamu matsala ta musamman. Tun shekarun 1930 aka shigar da haruffa masu ƙugiya cikin rubutun boko, amma har yau da yawa daga samfurorin haruffan da suke cikin kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ. In mai tsara shafi ya zaɓi irin waɗannan, ko dai wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, ko kuma ya gaji ya cire ƙugiyar. Nan ne za ka ga katin gayyata yana yi wa manyan baki maraba, maimakon manyan baƙi. A katin biki abin dariya ne. A takardar da take bayanin shan magani ko ranar rufe rajista, ba abin dariya ba ne. Maganin abin kuwa yana nan kyauta: samfurori irin su Charis SIL da Andika da Noto suna da haruffanmu duka. Abin da ake bukata shi ne mai zane ya duba kafin ya zaɓa.

Jama'a, watakila wani ya ce duk wannan ado ne kawai. Bari in ba ku misali daga Amurka. A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar 2000, a gundumar Palm Beach ta jihar Florida, an shirya takardar ƙuri'a da manyan haruffa domin tsofaffi su ga rubutu da kyau. Sai sunayen suka bazu a shafi biyu, dama da hagu, ramukan da ake hudawa kuma suna jere a tsakiya. Al Gore shi ne na biyu a shafin hagu, amma raminsa shi ne na uku. Rami na biyu na Pat Buchanan ne, wanda ya sami ƙuri'a fiye da 3,000 a gundumar, abin da ya ba kowa mamaki. Ratar da George Bush ya ci jihar da ita kuwa ƙuri'a 537 ce. Niyya mai kyau ce, amma an karya ƙa'idar jeri. To, ina ga ƙasarmu, inda mai zaɓe da yawa tambarin jam'iyya yake nema a takarda, ba suna ba?

A ofis nakan ga irin wannan a ƙananan abubuwa. Fom ɗin da aka matse wurin rubuta suna har mutum ya rasa inda zai sa sunan mahaifinsa, ko sanarwar da sunayen manya suka cika rabinta, ranar da ake bukatar jama'a su zo kuwa tana can ƙasa da ƙananan haruffa. Wanda yake shan wahalar wannan shi ne dattijon da ya biya kuɗin mota daga ƙauye, aka ce ya koma ya sake cikewa. Tun da na yi kwas ɗin nan, kafin takarda ta tafi maɗaba'a nakan miƙa wa masinja ko mai gadi, in ce ya duba ya gaya mini abin da ya gane. In ya yi jinkiri, to da sauran aiki.

Saboda haka ga shawarata ga iyaye da ƙannenmu. Iya manhaja abu ne mai kyau, amma manhaja tana sauyawa. PageMaker da aka yi yayi, yau an daina yin ta. Kamfanin Adobe tun 2013 ya koma karɓar kuɗin haya maimakon sayarwa gaba ɗaya, a shekarar nan kuma Canva ta fito, wadda ta sa kowa yana iya haɗa fosta a waya. Yanzu har na'ura ake ba umarni ta zana hoto da kanta. Wanda danna maɓalli kaɗai ya iya, kasuwarsa tana raguwa. Wanda ya san dalilin da ya sa aka ajiye kowane abu a inda yake, shi ne za a ci gaba da nema. Mai son zurfafawa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen ƙere-ƙeren masana'antu inda ake koyar da wannan fanni har digiri, ana kuma taɓa shi a sassan aikin jarida da manyan makarantun fasaha. Wanda bai da kuɗin manhaja, akwai GIMP da Inkscape da Scribus, duk kyauta ne, ba sai ya sayi na sata ba.

Roƙona ga ƙungiya guda biyu ne, ba su da tsada. Na farko, a sa waɗannan manhajoji na kyauta da haruffan Hausa a kwamfutocin makarantarmu. Na biyu, mu da muka taɓa wannan fanni mu riƙa zuwa lokacin hutu muna zama da yara, tare da malamin zane, a fara da fensir da takarda kamar yadda aka fara da mu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni na sa sunana a farkon takarda, tana wurin sakatare ga mai son ya bi baya.

A ƙarshe ina gode wa malamanmu, musamman waɗanda suka tsaya a kanmu sai mun ja layi a gefen littafi mun rubuta kwanan wata a inda ya dace. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, waɗanda suke raye Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.