Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Barin Shan Taba

An shirya wannan jawabi domin hakimai da malaman ofisoshinsu, tun ba waɗanda ke da mabiya ɗariƙar Katolika a ƙasarsu ba, kamar a wajajen Kafanchan da Jos da Shendam. Sau da yawa akan sami ma'aikaci ko talaka wanda ya ƙudura zai bar sigari, amma abu biyu su tare shi: fargaba, da kuma jin ya saɓi Ubangiji duk sa'ad da ya kasa. Lalle ya kamata shugaba ya san yadda zai agaza masa.

Illar taba ba abin musu ba ce. Tun 1950 masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna dangantakarta da sankarar huhu, a 1964 kuma Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka. Abin da ke ɗaure mashayi kuwa shi ne nikotin. Da an zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya kai ƙwaƙwalwa. Bayan kamar awa 2 rabinsa ya bar jini, sai mutum ya soma jin ƙunci da faɗuwar gaba, ya kunna wani kara ya ji sauƙi. Watau tabar da yake zato tana kwantar masa da hankali, ita ce ta tayar da shi tun farko. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin Ingila a 2014 ya nuna waɗanda suka bari, bayan 'yan makonni fargabarsu takan ragu fiye da ta waɗanda suka ci gaba.

Wanda ba zai iya yankewa gaba ɗaya ba, sai ya bi sannu. Masanan ƙungiyar Cochrane sun gwada hanyoyin biyu a 2019, ba su ga wadda ta fi wata a fili ba. Sharaɗin dai shi ne a yanka ranar dainawa tun kafin a soma ragewa. Misali, mai shan kara 20 a yini ya koma 15 a makon farko, 10 a na biyu, 5 a na uku, sa'an nan ya daina. Ya rubuta lissafin kowace rana, kada kuwa ya ƙara zurfin zuƙa don ya rama abin da ya rage. Cingam ko filastar nikotin suna taimako ƙwarai, bisa shawarar malamin asibiti. Wahalar takan tsananta a kwana 3 na farko, ta lafa cikin mako 2 zuwa 4. Ya rage goro da shayi da gahawa, domin bayan barin taba sukan daɗe suna aiki a jiki, su ƙara bugun zuciya da rashin barci. Mai shan maganin ciwon damuwa kuwa ya sanar da likitansa kafin ya fara.

Sai batun addini. Littafin koyarwar Katolika na 1992, a sashe na 2290, ya sa taba cikin abubuwan da kamun kai ya hana a wuce gona da iri a kansu. Fadar Vatikan ta hana shan taba a ofisoshinta a 2002, Paparoma Francis kuma ya hana sayar da sigari a can daga 2018. Saboda haka niyyar mai bari ta dace da addininsa. Amma littafin nan, a sashe na 1735, ya bayyana cewa tsoro da sabo suna rage nauyin laifi. Ƙishin taba ciwo ne na jiki. Wanda ya yi alkawari a azumin kwana 40 na kafin Ista, ya zo ya karya, bai kamata ya ɗauka an rufe masa ƙofar rahama ba. Waswasi irin wannan tsohon abu ne: Ignatius Loyola kansa ya sha fama da shi a Manresa a 1522, yana ta maimaita furta zunuban da ya riga ya furta. Maganinsa shi ne mutum ya riƙi Fada guda, ya gaya masa halin da yake ciki, ya tsaya a kan shawararsa. In ya zame ya sha kara ɗaya, ya koma kan lissafinsa a ranar, don baƙin cikin zamewar shi ke jawo kara na biyu.

Abin da ake roƙon hakimai da malamai shi ne kada a kunyata irin wannan mutum a bainar jama'a, kada kuma abokan aiki su miƙa masa sigari da sunan wasa. In ya yi saurin fushi a makonnin farko, a yi masa uzuri. In fargabar ta hana shi barci ko aiki, a tura shi asibiti. A kuma tuna wa dagatai da masu unguwanni dokar taba ta Nijeriya ta 2015, wadda ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba ƙasa lafiya, ya ja zamanin sarakuna.