Bel Da Sarƙar Taimin Na Mota

Yau za mu yi magana a kan wani ƙaramin abu da ke cikin injin mota, wanda in ya lalace ya kan jawo wa manomi babbar hasara.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya ke biyo lambatu ya iso gonakinmu na Kura da Bunkure da Kadawa. Mun sami noman rani. Muna shuka shinkafa da alkama da albasa da tumatir. To, shinkafa ta iya jira a buhu, amma tumatir ba ya jiran kowa. In mota ta mutu da kwanduna a hanyar Kwanar Gafan, rana ta buge su, wahalar wata uku ta tashi a banza.

A cikin inji akwai sanduna biyu masu juyawa. Ta ƙasa ita ce karanshaf, fistan ne ke juya ta. Ta biyun ita ce kamshaf, ita ke buɗe bawul ta rufe. Bawul ƙofofi ne, ta nan iska da mai ke shiga, hayaƙi kuma ya fita. In ta ƙasa ta juya sau 2, ɗayar sau 1 ta ke juyawa. Abin da ke haɗa su don su tafi daidai shi makanikai ke kira taimin. A wata mota bel ne na roba mai haƙora, kamar a Golf. A wata kuwa sarƙa ce ta ƙarfe, kamar a Fijo 504 mai fetur da babur Boxer.

Sau da yawa sarƙa ta kan yi kuka kafin ta mutu. In ka tayar da inji da safe ka ji ƙara, kacau-kacau, daga gabansa, sarƙa ta saki ke nan. Abincinta baƙin mai ne. Wanda ba ya juye mai a kan kari shi ke kashe ta.

Bel kuwa abokin gabarsa mai ne, kuma sau da yawa ba ya faɗakarwa. Sai an buɗe murfinsa an duba. In an ga ya tsattsage, ko haƙori ya fita, ko mai ya jiƙa shi, a sake shi nan da nan, a kuma toshe inda man ke yoyo.

In taimin ya goce da haƙori ɗaya, mota ta kan yi wuyar tashi, ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai. In bel ya tsinke, inji ya mutu nan take. Ka murza makulli ka ji yana juyawa sakayau, da sauri, ba ya kamawa. To, direba, cire hannunka! A motoci da yawa fistan kan daki bawul ya lanƙwasa su. Gara a jawo motar da igiya.

Wurin gyara, ka tsaya kusa da makanike. Akwai alamu a jikin garen sama da na ƙasa, lalle ne su dace da alamun jikin inji. A sake ɗan garen da ke ɗaure bel tare da shi. In bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, a duba famfon. In an gama, a juya inji da hannu zagaye 2, a sake duba alamun, sa'an nan a tayar.

Masu ƙera motoci da yawa sun ce a sake bel tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, ko bayan shekara 4 ko 5. Kowace mota da nata ƙa'ida. Motar da aka sayo ta hannu, a sa mata sabo tun farko.

Saboda haka ran da aka sa bel, ka rubuta kwanan wata da lambar agogon kilomita a ɗan littafi, ka ajiye a mota. Ka duba shi tun da kaka, kafin tumatir ya nuna. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kai kayanmu kasuwa lafiya, amin.