Damisar Amurka da Kurmin Bakin Rafi

Mutanen Bena da kewaye, har Wasagu da Ribah, zancen yau na damisa ne, amma ba ta dajinmu ba. 'Yar'uwarta ce ta nahiyar Amurka, wadda ake kira jaguwa.

Duk wanda ya ga hotonta zai rantse tamu ce. Sai dai ta fi tamu kauri da faɗin kai, kuma cikin zanen fatarta akwai ƙananan ɗigo baƙaƙe. Namijinta a fadamar Pantanal ta ƙasar Brazil yakan haura kilo 100. Ana samun ta tun daga Meziko har arewacin Ajantina, amma cibiyarta dajin Amazon ne.

Tamu in ta yi kamu sai ta ja naman ta haye bishiya da shi. Waccan kuwa ruwa take faɗawa, ta yi iyo, ta damƙi kada ta ƙeya, ta huda masa ƙoƙon kai da haƙori. Tana zama a busasshen daji ma, amma kurmi mai duhu a bakin rafi shi ne gidanta.

To, kurmin nan shi ne abin damuwa. Kusan rabin inda take zama a da ya tafi, an sare, an banka wuta, an mayar da shi gonaki da makiyaya. Naman da take ci ya ƙare, ta koma kan maruƙa, masu shanu suka ɗauko bindiga. Ƙasar Belize sai da ta keɓe mata dajin Cockscomb a 1986.

Wannan labari ai ba baƙo ba ne a ƙasar Zuru. Hunturu na kamawa, matasa sai su cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya. Gafiya ɗaya, jama'a! Ciyawar shanu ta ƙone, gada ta gudu, ɗan zomo ya toye a kwancinsa. Ga masu gawayi, buhu kan buhu a bakin hanya, kuma itacen bakin rafi suka fi so. Iyaye na gani, ba mai tsawatarwa.

Bahaushe ya yi wa tamu kirari da damisa ƙi sabo. Ba ta son ganin mutum ko kaɗan. Ranar da aka ga sawunta kusa da garke, yunwa ce ta koro ta, kuma wutar nan ce ta jawo. Ko gandun dajin Kainji, ɓangaren Borgu da na Zugurma, don tsare irin waɗannan namun aka keɓe shi.

Saboda haka masu unguwanni da sarakunan mafarauta su ja kunnen yara tun kafin ciyawa ta gama bushewa. A bar kurmin bakin rafi a tsaye.