Jawabi A Kan Kiwon Itatuwa Da Tattalin Ruwan Sama A Harabar Ofisoshi

Wannan shi ne jawabin da wani dattijo, tsohon malamin daji na zamanin En'e, ya yi wa ma'aikatan ƙasar Ƙaraye da ta Rogo, tsofaffi da waɗanda ke bakin aiki yanzu, a taron tunawa da magabatansu.

Bayan ya yi sallama, ya gai da Mai Martaba Sarki, da Hakimai, da Dagatai, da Malamai, da sauran jama'a, kowa gwargwadon girmansa, sai ya ce magana biyu ce ke tafe da shi, amma gindinsu ɗaya: itacen da ke tsaye a ƙofar ofis, da ruwan da ke sauka a kan dabe.

Ya ce En'e dai ta wuce. Tun bayan da aka yanke Jihar Kano a 1967 aka shiga sāke tsarinta, har gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi. Littattafan haraji da yawa gara ta cinye, waɗansu gine-ginen kuwa sun rushe. Abin da ya saura a tsaye, wanda kowa ke gani da idonsa, shi ne madaci da darbejiya da mangwaro waɗanda ma'aikatan wancan zamani suka dasa a ƙofar gidan Hakimi, da ɗakin shari'a, da makaranta, da ɗakin shan magani. Ita darbejiya baƙuwa ce. Asalinta daga ƙasar Hindu ne, ta biyo ta ƙasar da a ke kira Gana yanzu, aka fara dasa ta a lardin Barno a 1928, sa'an nan ta bazu har ta zama 'yar gida. Ba ta bazu da kanta ba. Leburori ne suka yi ta jido mata ruwa da tulu da garwa, rani bayan rani, alhali sun san ba lalle su zauna a inuwarta ba.

Ya ce girmama itace ba Turawa suka koya wa mutanen ƙasar nan ba. Duk wanda ya ji sunan Rimin Gado, ko Durumin Iya da Kukar Bulukiya a birnin Kano, ya san kakanni da itace su ke shaida wuri. A gindinsa a ke cin kasuwa, a nan a ke yanke shawara, a nan baƙo ya kan sauke kaya.

Sa'an nan ya juyo kan zamanin yau. Ya ce yanzu duk ofishin da ya sami kuɗi, abin da a kan fara shi ne a shafe haraba da kankare ko a jera intalok, daga bakin ƙofa har jikin katanga. Ba laifi ba ne, gama caɓi da ƙura ba abin so ba ne, kuma mai zuwa da farar riga yana so ya koma da ita fara. Inda laifin ya ke shi ne a kai daben har wuyan itace, a shaƙe shi. Ya ce ya ga wata haraba, ba zai faɗi ko ta ina ce ba, inda aka yi wa wata tsohuwar darbejiya haka. Shekarar fari ba a ga kome ba. Daga baya ganye ya fara ƙanƙancewa, rassan sama suka bushe, har aka kira mai gatari, mutane suna cewa tsufa ne ya kashe ta. Ba tsufa ba ne, ƙishirwa ce da rashin iska.

Dalili kuwa, in ji shi, mafi yawan ƙananan saiwoyin da itace ke sha da su ba can ƙarƙashin ƙasa su ke ba, suna cikin ƙafa biyu na sama, kuma su kan yaɗu har su wuce iyakar inuwar itacen. Saiwa tana numfashi kamar yadda mutum ya ke yi. Kadan aka daddale ƙasa da injin, aka rufe ta da siminti, to, an toshe mata baki da hanci gaba ɗaya. Wadda ta ƙi mutuwa sai ta taso sama neman raɓa, ta ɗaga daben ta farfasa shi, a dawo ana zagin itace, ga shi kuwa shi aka zalunta.

Game da ruwa, ya ce a yi lissafi. A ɗauki haraba mai tsawon mita 30, faɗi mita 20, watau murabba'in mita 600. Kadan aka yi ruwa na inci ɗaya, watau milimita 25, abin da ya sauka a kanta lita 15,000 ne, cikin duro 75 ke nan na lita 200. Irin wannan ruwa kuwa ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, balle a Ƙaraye da Rogo, inda damina ta fi ta arewacin jihar ƙarfi. Da can ƙasa ce ke shanye kaso mai yawa, ta ajiye wa rijiyoyi da itatuwa. Yanzu duk sai ya kwararo ta ƙofa a lokaci guda, ya afka kan hanya, ya ci gindin katangar maƙwabci, wanda galibi talaka ne mai ginin ƙasa. Ofis ya bushe tsaf, gidan tsohuwa ya cika da ruwa. Ya ce wannan hakki ne, ko da ba a rubuta shi a kowane littafin doka ba.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Ruwa mai gudu ya kan yanki ƙasa, ƙaramar kwata ta zama kwazazzabo, yashin da ya kwasa kuwa rafuka su kai shi Kogin Challawa. Madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, a ƙasar Ƙaraye ta ke, haka kuma ta Kusalla. Duk kwandon yashin da ya kwanta a cikinsu, wurin ruwa ya tare. Ya tuna musu da fashewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988, da ambaliyar 2022 wadda ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya, da ta Maiduguri a Satumba 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle. Ya ce haraba ɗaya ba ta kawo ambaliya, amma birnin Kano ya ga abin da ke faruwa in an cike kududdufai an gine, an kuma shafe kowane fili: ruwa ba ya manta hanyarsa.

Daga nan ya ce ciwon biyu ne, maganin ɗaya. Itace na mutuwa da ƙishirwa, ruwa na neman wurin shiga, sai a haɗa su. Ya kawo sharuɗɗa bakwai.

Na fari, kada dabe ya matsi itace. A bar masa fili aƙalla mita biyu tsawo, mita biyu faɗi, babba kuwa a ƙara masa. A rufe wurin da busasshen ganye ko tsakuwa.

Na biyu, gindin itace ya fi dabe ƙasa da kamar ɗani guda, a kuma karkata daben ya zuba a ciki. Masu gina dakali su kewaye itace, su cika shi da ƙasa har ta hau jikinsa, ɓarna biyu su ke yi: sun hana ruwa shiga, sun kuma sa ɓawo ya ruɓe. Kadan ana son wurin zama, a bar kafofi a ƙasan dakalin.

Na uku, inda za a dasa itatuwa a jere, gara a haƙa dogon rami guda ya haɗa su, da a yi wa kowane ɗan raminsa kamar tukunya. Ya ce a birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin a kan cika irin wannan rami da manyan duwatsu, a cusa gawayi da taki a tsakaninsu, sa'an nan a yi dabe a sama. Dutse ya ɗauki nauyin mota, saiwa ta bi ta ƙofofi, ruwan titi ya shiga ya kwanta. Ƙasar Sin ma a 2015 ta zaɓi birane 16 don gwada gina gari mai tsotse ruwa kamar soso. Dutse da gawayi da taki kuwa ba sai an aiko da su daga Turai ba.

Na huɗu, intalok a jera shi a kan tsakuwa da yashi, a cike tsakaninsa da ƙananan tsakuwa, ba siminti ba. A riƙa share shi, musamman bayan hunturu, gama ƙura ta kan toshe kafofin.

Na biyar, ruwan indararo kada a sake shi a kan dabe. A tare shi a tanki don ban ruwan rani, ragowar a kai shi rami mai duwatsu, nesa da bango da kamar mita biyar, nesa kuma da rijiya da masai. Tun ba a yi aikin ba a gwada ƙasar: a haƙa rami, a cika shi da ruwa. In ya kwana biyu bai tsotse ba, wurin laka ne, sai a nemi wani, don kada a gina wa sauro gida. Kowane rami kuma a yi masa mafita zuwa lambatu saboda ran da ruwa ya fi ƙarfinsa. Baƙin mai na janareta da na mota kada ya bi wannan hanya, leda ma haka.

Na shida, a san itacen da za a dasa. Cediya da durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu ba ta jin kunyar bango, sai a fili mai faɗi. Turare mashayin ruwa ne, inuwarsa kuma kaɗan. Giginya kuwa an san halinta, na nesa ka sha inuwarta. Madaci da darbejiya da tsamiya sun dace da haraba, sai dai a tsare madaci daga masu ɓare shi don magani, kada kuma a dasa dogon itace ƙarƙashin wayar lantarki.

Na bakwai, wanda ya ce shi ne uban sauran, a dasa sa'ad da damina ta kankama, a yi shingen ƙaya saboda awaki, a ba da ruwa rani biyu cur. A damƙa kowane itace a hannun mutum guda da sunansa, a kuma sa kuɗin ban ruwa cikin kasafin shekara. Dashen da aka yi don a ɗauki hoto, ba ya ganin bazara.

Ya ce kada kowa ya raina wannan aiki. Ƙasashen Afirka sun ƙulla shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Jihar Kano kuwa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. Manoman ƙasar Maraɗi, tun daga wajen 1983, suka koma kiwon tohon kututture a gonakinsu maimakon ƙone shi, har itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada a Nijar. In talaka da 'yar wuƙarsa ya yi haka, ofis mai mota da tanki ba shi da hanzari.

A ƙarshe ya roƙi ma'aikata su dubi waɗanda ke jira a ƙofofinsu cikin watan Afrilu, sa'ad da zafi kan wuce awo 40: tsoho mai bin kuɗin fansho, da mace mai goyo a layin awo, da manomin da ya taso tun asuba daga ƙauye. Babban ma'aikaci yana ciki da fanka, su kuwa ba su da kome sai inuwar da aka bar musu. Ya ce malamai sun karantar da cewa dashen itace sadaka ne mai gudana, saboda haka wanda ya shaƙe wanda wani ya dasa, ya yanke wa mamaci lada, ya kuma hana mai rai hutawa.

Ya yi addu'a Allah ya ji ƙan magabata, ya ja zamanin Sarki, ya ba da damina mai albarka, ya tsare ƙasa daga ambaliya da fari. Jama'a suka shafa. Haza wassalamu.